Bencin Baya

Lahadi, bayan sujada

Ni na karanta sanarwar. Fasto ya ce zai karɓa in ba zan iya ba, na ce masa aikin sakataren majalisa ne, kuma ban ga dalilin da aiki zai canja hannu don wanda ake magana a kai ƙanena ne ba. Gajeriya ce. Majalisar dattawa ta sa ɗan'uwanmu a ƙarƙashin horo saboda halin da bai dace da mai bi ba, zai riƙa zama a bencin baya, ba zai ci Jibin Ubangiji ba, wato gurasa da kofin da ake rabawa a majami'a, har sai an ga tuba. Muryata ba ta yi rawa ba. Na lura da hakan, ban kuwa ji daɗin lurar ba.

Auta, ƙanen nawa, bai zo ba. Bencin yana can kusa da ƙofa, inda ake jingine tsintsiya. Babu kowa a kai.

Tun rasuwar Inna, kowace Lahadi a gidan nan Auta yake cin abincin rana, ni da shi a faranti ɗaya, matarsa da tawa suna ciki da yara. Yau Maman yara ta kawo farantin da cokali biyu kamar kullum. Ta tsaya kaɗan, ta ɗauke ɗaya, ta koma.

Litinin, tsakar rana, a ofis

Wakilinmu na kotu ya kawo shafi biyu, na mayar da su rabin shafi. Ya tsaya a kaina yana bin jan birona da ido, ya ce, "Edita, don Allah ka bar min ko sunana ne."

Haka na yi wa takardar Fasto ranar Asabar. Shi ya rubuta abin da ya faru da sunansa, jimla ɗaya, babu ado. Na ja layi a kai, na rubuta "halin da bai dace ba" a sama. A aikinmu abin da ba ka da shaida a kai shi kake cirewa. Wannan ina da shaida. Fasto ya duba ya ce, "Kai ka san aikin rubutu." Bai yi gardama ba. Da ma ya yi.

Talata, safe

Na kira Auta.

Wayarsa a kashe.

Laraba, yamma

Majalisa ta zauna a ƙaramin ɗakin da ke bayan bagade, inda ake rataye rigunan mawaƙa. Baba Hedimasta, wanda ya girme mu duka, shi ya kuma koya wa rabinmu karatu, ya ce akwai abu biyu da ba a gama ba. Ya buɗe wasiƙar manzo a Littafi Mai Tsarki, wurin da aka hana ko cin abinci da wanda yake amsa sunan ɗan'uwa alhali ya nace a kan irin wannan hali. Ya karanta a hankali, yatsansa yana bin layi, sannan ya dube ni ta saman tabarau.

"Sakatare, ina jin kai wannan ta fi shafa."

"Ƙanena ne, Baba. Ciki ɗaya."

"Na sani. Ni na zane ku, ku biyu, rana ɗaya. Amma kai dattijo ne. In ya tashi daga nan ya je ya sa hannu a farantinka, me muka hana shi? Guntun gurasa sau ɗaya a wata?"

Na tambaya ko gaisuwa ma ta haramta.

"Gaishe shi. Je ka same shi kullum in kana da ƙafa. Ba abokin gaba ba ne, ɗan'uwa ne ake ja wa kunne. Cin ne kawai."

Abu na biyu: in har Jibi mai zuwa, Lahadin farko ta sabon wata, bai zo ya zauna a bencin ba, ya ƙi horo ke nan, za a cire sunansa daga cikin 'yan ikkilisiya. Ni ne zan cire.

Na ɗaga hannu tare da su, duka sau biyun. Ina so in rubuta wannan a fili don kada gobe in gaya wa kaina wani labari dabam: ba tilasta mini aka yi ba. Abin da ya yi ya kai a yi masa haka.

Jumma'a, yamma

Na biya ta shagon Auta bayan aiki. Ƙofa a rufe, garin katako ya taru a bakin dokin ƙofa, wata kujera mai ƙafa uku tana jingine da bango tana jiran ta huɗu. Mai gyaran taya na kusa da shi ya ce, "Kafinta? Yana nan. Da sassafe yake zuwa ya kulle kansa ciki. In ka kasa kunne za ka ji zarto."

Na kasa kunne. Ban ji komai ba. Na ƙwanƙwasa, na faɗi ko ni wane ne, na jira, na tafi.

Lahadi, bayan sujada

Fasto ya yi wa'azi a kan tsarki. Bai ambaci kowa ba, kowa kuwa ya san da wa ake. Ya ce Allah bai kira mu mu zama masu tsarki don mu fi maƙwabta ba, sai don shi kansa mai tsarki ne, mu kuwa sunansa muke ɗauke da shi. Ya ce ikkilisiyar da take ganin abu ta kau da kai ba ƙauna take yi ba, tsoron rigima take ji. Ya ce horo ba shara ba ce da ake fitarwa waje, uba ne yake tsayar da ɗansa don ɗan nasa ne. Wa'azi mai kyau. Da an kawo mini shi a rubuce ba abin da zan yanke sai maimaicin ƙarshe.

Duk tsawon wa'azin ƙeyata tana sauraron ƙofa.

A gida na ci abinci cikin natsuwa, ba wanda ya yi gardama da rediyo, ba wanda ya turo mini nama gefena yana cewa shi haƙoransa sun gaji, ba garin katako a kan kujera da Maman yara za ta yi mita a kai. Falo tsaf. Ban gama rabin farantin ba.

Talata, bayan cin abincin yamma

Maman yara ta dawo daga taron addu'ar mata da labari. Wasu sun ce kuɗin ginin majami'a ya ci, tunda shi aka ba aikin rufi. Wasu sun ce mace ce a wata unguwa, har da ɗa. Wata ta ce an gan shi wajen boka.

Na ce ai duk ƙarya ne.

"To wa ya gaya musu gaskiyar? Kai ka bar musu fili, su kuma suka yi gini."

Na ce na yi ne don in sauƙaƙa masa.

"Na sani, Baban yara. Sha ruwanka."

Alhamis, yamma

Na je gidan surukar Auta, inda matarsa take da yaran tun ranar da abin ya faru. Matar tasa ce ta buɗe mini ƙofa, da hannun hagu. Na daman yana rataye a wuya cikin farin ƙyalle. Keken ɗinkinta yana kusurwar falo a rufe da zane, kayan mutane da ta karɓa a jibge a kansa.

"Sannu da jiki, ƙanwata."

"Yauwa, Yaya. Duba ni ka zo yi, ko roƙo ka zo yi masa?"

"Duba ki."

"To zauna."

Ta kawo ruwa, ta ƙi yarda in karɓi jug ɗin in zuba da kaina. Muka yi maganar makarantar yara, da likita, da masu kayan da suka fara aikowa a mayar musu. Can ta ce an ba ta labarin sanarwata, an ce na iya magana.

"Halin da bai dace ba. Yaya, ai ko mai tofa miyau a harabar majami'a halinsa bai dace ba."

Na ce rufin asiri na yi.

"Asirin wa?"

Na kurɓi ruwan. Ba ta kuwa matsa ba.

"Ni ban ce a kore shi ba. Ban kuma ce zan koma ba. So nake wani ya gaya masa a fuska, ba zagaye-zagaye. Ni na gaya masa, amma ni matarsa ce, tawa surutu ce."

Ta rako ni bakin ƙofa. Har na sa takalmi ta ce, "Yana cin abinci kuwa?" Na ce ban sani ba. Ta ce, "In ban da shayi ba abin da ya iya dafawa."

Asabar, hantsi

Yau Auta ya buɗe mini shagon.

Ya rame, gemu ya fito masa da furfurar da ban san yana da ita ba. Yana goge ƙafar wani tebur, bai daina ba da na shiga.

"A'a, Malam Waƙafi." Haka yake kirana tun da na fara aikin jarida. "Majalisa ce ta aiko ka, ko ɓatan hanya ka yi?"

"Ƙafata ce ta kawo ni."

Buta tana kan ƙaramin risho a kusurwa. Ya zuba kofi biyu, ya tsaya da na biyun a hannu.

"Shayi fa? Yana cikin dokar? Ko sai an haɗa da burodi yake zama ci?"

Ashe ya ji. Dariya ta ƙwace mini kafin in kama ta, shi ma ya yi, irin tasa mai girgiza kafaɗa. Na ce ban tambaya ba.

"Kai ba ka tambaya ba? Kai da ko rasit aka ba ka sai ka gyara masa rubutu?"

Ya mayar da shayin cikin buta. Na gaya masa maganar Jibi, da abin da zai biyo baya in bai zo ba. Ya ci gaba da gugar katakonsa.

"In zo in zauna wajen tsintsiya, yaran da na yi wa kujerun makarantar Lahadi suna leƙena? Ana cewa na ci kuɗin rufi, Yaya. Ni da na sa ƙusoshina a aikin nan ban karɓi ko sisi ba. In na zauna a bencin can, na amsa ke nan."

Na daɗe a wurin. Na riƙe masa katako ya yanka, kamar da, lokacin da yake koyon aiki ni kuma ina hutun makaranta. Ƙamshin shagon bai canja ba. Bai tambayi kowa ba, ni ma ban ambaci kowa ba.

Lahadi, bayan sujada

Da izinin Fasto na ƙara layi ɗaya a sanarwa: horon ɗan'uwanmu ba shi da alaƙa da kuɗin ikkilisiya, ko wata mace, ko tsafi, kuma mai yaɗa haka ya daina. A jarida gyara a ƙasan shafi muke ɓoye shi, inda ba mai gani. Wannan sau biyu na karanta shi.

Benci babu kowa. Wani ya ajiye lemarsa a kai.

Litinin, kafin in fita aiki

Na zauna da wasiƙun manzon biyu a buɗe, kamar yadda nake gwada rahotanni biyu a kan labari ɗaya. A ta farko ya ce wa ikkilisiya su fitar da mai laifin daga cikinsu, ya tsawata musu don sun zauna da abin suna taƙama. A ta biyu, ga mutanen nan dai, ya ce hukuncin ya isa, su yafe, su ta'azantar da shi, kada baƙin ciki ya haɗiye shi. Masana ba su yarda ko mutum ɗaya ne a wuraren biyu ba. Na karanta masu cewa i, na karanta masu cewa a'a. Ba wannan ne ya dame ni ba.

Abin da nake nema ba a rubuta shi ba: me 'yan'uwan mutumin suka yi tsakanin wasiƙa ta farko da ta biyu? Wataƙila mutumin yana da wa, babban ɗan'uwa irina, a cikin taron nan. Ranar hutu ta zo, aka dafa abinci. Da wakilina ne ya kawo labarin, da na mayar da shi ya nemo mini wan.

Talata, tsakar rana

Na ga wani a tashar mota da irin tafiyar Auta, fensir a bayan kunne. Ba shi ba ne.

Laraba, yamma

An raba aikin Jibi. Layin da ke gefen ƙofa ya faɗo a kaina, ni zan ɗauki tiren kofuna daga gaba har baya. Bayan taro Fasto ya riƙe ni.

"Dattijo, in kana so in musanya ka da wani."

"In bai zo ba, ba abin da za a musanya."

"In ya zo fa?"

Na ce in ya zo, na fi so ni ne. Ya dube ni ya ce shi ma ba ya barci sosai kwanakin nan. Ban taɓa tunanin haka ba. Shi ya ɗaura wa Auta da matarsa aure.

Alhamis, yamma

Auta ya kira ni da kansa ya ce in biyo shago. Na bar shafin gaba a hannun mataimakina, abin da ban saba yi ba.

Ya share teburin aiki, ya shimfiɗa tsohuwar jarida, tamu ce ma. A kai faranti ɗaya na shinkafa da kifi daga wajen mai abinci, da cokali biyu.

"Ci, in zo ranar Lahadi. Loma ɗaya. Daga ni sai kai sai Allah."

Ban ci komai ba tun safe, amma ba yunwar ba ce. Na san yadda zai kasance: zai fara ta gefensa ya yi rami, ya ture mini kan kifin, ya ce masu ilimi ke buƙatarsa. Ban tuna ranar da na so wani abu kamar yadda na so in ja kujerar nan ba. Na kuma lissafa, don ni mai lissafa irin wannan ne: loma ɗaya, sunansa ya tsira. Wa aka cuta?

Na ce ba zan ci ba.

"Ashe Baba Hedimasta ya fi Inna."

Na bar cokalin inda yake.

"Ni fa ban kashe kowa ba. Kai kanka ka tsaya gaban jama'a sau biyu, ka faɗi abin da ban yi ba, ka kasa faɗin abin da na yi. Hali bai dace ba. Wa ke da halin da ya dace? Kai?"

Sai na faɗa masa. Da kalmomin Fasto, waɗanda na ja wa layi, da abin da idona ya gani ranar Alhamis ɗin can, da abin da babbar 'yarsa ta gani daga bakin ƙofar ɗaki. Ban ɗaga murya ba, ban rage komai ba. Ba zan rubuta shi a nan ba. Na faɗe shi inda ya kamata.

Ya ajiye cokalin. A maƙwabta mai taya yana ta bugun ƙarfe.

"Hannun nata, har yanzu a ɗaure yake?"

"Har yanzu."

"Keken fa?"

"A rufe."

Ya daɗe yana kallon tafin hannunsa. Sannan ya ce, "Tafi, Yaya." Ba da faɗa ba.

Na bar shi da farantin. Ban sani ba ko na dawo da shi ne ko na ƙarasa korarsa.

Jumma'a, safe

Wayarsa a kashe.

Asabar, yamma

Na gaya wa Maman yara duka. Tana tsince shinkafa, ba ta ɗago ba.

"Da ka ci, da ya zo."

"Wataƙila."

"Da ya zo ya zauna kamar mai jiran mota." Ta kaɗa tiren. "Ni dai ban san wanne ya fi ba. Na yi addu'a a kan duka biyun."

Na goge takalmina, na goge na yara, na sake goge nawa. Na yi ƙoƙarin yin addu'a da tsari, sai na ga sunansa kawai nake maimaitawa, sunan da Inna take kiransa da shi in ya daɗe a waje.

Lahadi, yamma

Ya zo.

Ban ga shigowarsa ba. Da muka tashi waƙa ta biyu na juyo daga kujerun dattawa, sai ga shi a ƙarshen bencin, ya yi aski, rigarsa da guga irin ta wanda bai saba guga ba, hannuwansa tsakanin gwiwoyi. Wuyoyi suka fara juyawa layi bayan layi. Baba Hedimasta ya yi gyaran murya sau ɗaya, kowa ya tuna inda bagade yake.

Da lokacin Jibi ya yi na ɗauki tiren na bi layina. Tsohuwa mai rawar hannu da sai an riƙe mata kofi, direban nan da matarsa, 'yan matan mawaƙa, surukar Auta, wadda ta karɓa ba ta dube ni ba. Na gama da benci na ƙarshe na masu ci. Hanyar wurin matsattsiya ce, ba yadda za ka juya sai ka bi ta gaban bencin baya.

Na tsaya a gabansa. Ban yi niyya ba. Tiren yana hannuna da sauran kofuna a kai. Bai ɗago kai ba. Ya janye ƙafafunsa don ya ba ni hanya.

"Wuce, Yaya," ya ce a hankali. "Ba nawa ba ne tukuna."

Na wuce. Na kai tiren gaba, na koma wurina, aka tashi waƙar rufewa. Daga can baya, kusa da ƙofa, na ji muryarsa ƙasa-ƙasa, yana shiga baiti a makare yana fita a makare. Ban waiwaya ba.